Fulawar cikin ɗaki a Sakkwato: wacce za ta rayu a falon da rana ba ta shiga?

Gidajenmu na Sakkwato an gina su ne don gudun rana. Taga ƙarama, labule mai kauri, baranda mai rufi a gaban ƙofa, a unguwanni masu cunkoso kamar Mabera ko Runjin Sambo ma sau da yawa katangar maƙwabci ce ke tsaye daf da tagar. Dabara ce mai kyau a garin da zafi ke haura digiri 40 a watannin Maris, Afrilu da Mayu, sai dai tana barin falo da duhu-duhu ko da tsakar rana. Shi ya sa mutum zai sayo fulawa kore shar daga bakin titi, ya ajiye ta kusa da talabijin, kafin wata 2 ganye ya yi rawaya, gindi ya ruɓe, ya yanke hukuncin cewa fulawa ba ta yi a garin nan. Tana yi ƙwarai. Matsalar daga wajen zaɓi take farawa, don haka na ɗauko iri 7 da ake samu a hannun masu sayarwa, in auna su da ma'auni ɗaya.

Abin da za a auna kafin a fitar da kuɗi

Na farko haske. Idon mutum yana sabawa da duhu cikin 'yan mintoci, ganye kuwa ba ya sabawa. A ma'aunin haske da ake kira lux, hasken rana a fili yakan kai kimanin 100,000, alhali kusurwar falo da ke nesa da taga sau da yawa ba ta samun ko 500. Ga hanyar gwaji mai sauƙi: da azahar, a kashe ƙwan lantarki, a bar labule yadda aka saba barinsa, a ajiye farar takarda inda ake son ajiye tukunyar, a ɗaga hannu a samanta. In inuwar hannu ta fito fes, wurin na da haske sosai. In ta fito dishi-dishi, wannan shi ne ƙarancin hasken da muke magana a kai. In babu inuwa ko kaɗan, kuma ba a iya karanta littafi a wurin sai an matse ido, to babu shuka mai rai da za ta daɗe a nan.

A kuma lura da inda tagar ta fuskanta. Sakkwato na kan digiri 13 ne arewa da layin da ya raba duniya biyu, don haka daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana takan bi ta arewacinmu, sauran watannin kuma ta karkata kudu. Tagar kudu da ke da inuwa da damina za ta iya cika da rana a Disamba. Tagar gabas ta fi kowacce daɗi ga shuka, saboda hantsi ba ya ƙuna. Tagar yamma kuwa ranar la'asar ce ke dukanta, tana iya babbake ganyen da ke jingine da gilashi.

Na biyu juriyar bushewar iska da ƙura. Yawancin fulawar cikin ɗaki asalinsu ƙarƙashin manyan itatuwa ne a dazuzzukan da ruwa ke sauka kusan duk shekara. Mu kuma da hunturu laimar iska takan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100, ga ƙura da ke kwanciya a kan ganye ta tare ɗan hasken da yake samu. Ganye mai kauri da santsi ya fi siriri jure wannan, kuma ya fi sauƙin gogewa.

Na uku ruwa, kuma a ganina shi ya fi rashin haske kashe fulawa a garin nan. Shukar da ke inuwa ba ta shan ruwa da yawa, domin haske ne ke sa ta aiki. Mu kuwa in zafi ya matsa mana sai mu ɗauka ita ma ƙishi take ji, mu riƙa kwara mata ruwa safe da yamma. Ƙasa ta jiƙe sharkaf, iska ta daina shiga, saiwa ta shaƙe ta ruɓe. Daga sama ganye zai langaɓe, mai ita ya ce ai ruwa ne ya yi kaɗan, ya ƙara. Irin ruwan ma abin dubawa ne: ruwan rijiya ko burtsatse da ke barin farin ɓawo a tukunyar shayi yana tara gishiri a ƙasar tukunya, ya ƙone bakin ganyen wasu shuke-shuken.

Na huɗu haɗari ga yara da dabbobi. Na biyar kuɗi, ba na saye kaɗai ba, har da tambayar ko shukar tana haihuwa ta ba ka wasu kyauta, ko kuwa in ta mutu sai ka sake komawa kasuwa.

Akwai wani abu da ban sa cikin ma'auni ba da gangan, wato zancen tace iska. Maganar ta samo asali ne daga gwajin da hukumar NASA ta Amurka ta yi a 1989 cikin ƙananan akwatuna rufaffu. Wani nazari da aka fitar a 2019 ya nuna cewa kafin shuka ta yi abin da iskar da ke shiga da fita a gini ke yi, sai an jera tsakanin 10 zuwa 1,000 a kowace murabba'in mita. A sayi fulawa don kyan gani da sanyin zuciya, iska kuma a buɗe mata taga.

Moda

Wannan tamu ce. Danginta suna fitowa da kansu a dazuzzukan Afirka ta Yamma, kuma tun da can ana cire zare daga ganyenta a tufka igiya. Ganye dogaye ne masu tsayuwa ƙyam, wasu da ratsin rawaya a gefe. Tana ajiye ruwa a cikin ganye da saiwa, kuma da dare take buɗe ƙofofin numfashinta, da rana ta rufe, shi ya sa ba ta asarar ruwa kamar sauran. Hunturu ba ya yi mata komai. Ƙura kuwa tsumma mai laima ya isa, tunda ganyen miƙaƙƙe ne ba shi da lungu.

A wuri mai ƙarancin haske ba ta mutuwa, girma ne kawai take ragewa ƙwarai, kuma sabon ganye kan fito siriri. Hanya ɗaya ce ake kashe ta da ita: yawan ruwa. In gindin ganye ya yi laushi yana wari, saiwa ta tafi. A bari ƙasa ta bushe har ƙasan tukunya kafin a sake ba ta, wanda a ɗaki mai inuwa yakan ɗauki mako 2 zuwa 3. Kada a zuba ruwan a tsakiyar ganye inda zai kwanta, a zuba a gefen tukunya.

Wajen kuɗi babu mai kama ƙafarta. Ita ce mafi araha a wurin masu sayarwa, kuma duk gidan da take ta shekara za a samu 'ya'ya sun fito a gefe, a yanko ɗaya da saiwarsa a dasa. An ce araha ba ta ado, amma moda 3 a jere cikin tukwanen ƙasa masu kyau sun fi fulawa mai tsada da ke fama da jinya. Wani abin lura: in aka yanka ganyen mai ratsin rawaya aka dasa, abin da zai tsiro kore ne zalla, ratsin ya ɓace. Mai son ratsin sai ya raba ta daga saiwa. Haɗarinta kaɗan ne, tana da ɗaci, in yaro ko kyanwa suka tauna da yawa za ta iya sa amai ko gudawa, sannan tsinin ganyen kan tsaya daidai idon yaro mai tatata.

ZZ

Asalinta gabashin Afirka, daga Kenya zuwa Afirka ta Kudu, kuma ba ta bazu a duniya ba sai da masu gandun furanni na ƙasar Holan suka fara yaɗa ta a wajajen 1996. Ganyenta kore ne mai duhu da sheƙi, har baƙo ya taɓa don ya tabbatar ba roba ba ce. A ƙarƙashin ƙasa tana da dunƙulen saiwa irin na dankali, a nan take ajiye ruwa. In maganar duhu zalla ake yi, ita da moda ne a gaba, kuma tana rayuwa a ofis da hasken ƙwan lantarki kaɗai matuƙar ana kunna shi mafi yawan yini.

Aibinta biyu ne. Tana cikin mafi tsada, kuma ba kullum ake samunta a gari ba, sau da yawa sai an yi saƙo daga Abuja ko Kaduna. Sannan tana da nawar girma, ƙaramar da ka saya za ta daɗe tana ƙarama, ganyen da aka tsinka aka dasa kuma watanni yake yi kafin ya yi dunƙule. Duk da haka kuɗin ba asara ba ne, don shuka ce ta shekaru. Ruwanta na sa ƙaiƙayi a fata da zafi a baki, a wanke hannu bayan an yanke ta.

Potos

Ita ce mai yaɗo da ganye mai siffar zuciya, wadda masu sayarwa ke kira moni fulant. Asalinta wani tsibiri ne mai suna Mo'orea a tekun Pasifik. Mai son ya ga abu na motsi, sabon ganye na fitowa, reshe na sauka daga kan kabad, ita zai fi jin daɗi, domin moda da ZZ ba sa ba da wannan. Tana jure ƙarancin haske da kyau, sai dai ɗigon rawayan ganyen kan ɓace, tazarar da ke tsakanin ganye da ganye ta ƙaru. In ta yi haka a yanke dogayen rassan, za ta yi tofo.

Araha ce, kuma kusan kyauta: a yanko reshe mai gaɓa 2 ko 3, a tsoma a kwalba, cikin mako 2 zuwa 3 saiwa ta fito. Tana iya rayuwa a ruwa kawai, wanda ya sa ɗalibai da masu ɗaki ɗaya ke sonta. A nan ne nake son a yi hattara. Ruwa mai kwanciya a ɗaki wurin haihuwar sauro ne, kuma a zafi irin namu kwana 7 zuwa 10 sun ishi ƙwai ya zama sauro mai tashi. Duk mai ajiye ta a kwalba ya zubar da ruwan, ya wanke kwalbar, aƙalla sau ɗaya a mako, ko ya toshe bakin da auduga. Haka ma farantin da ake sawa ƙarƙashin tukunya, kada a bar ruwa ya kwana a ciki.

Da hunturu bakin ganyenta kan ɗan bushe, amma tana farfaɗowa da damina. Tana gaya maka in tana jin ƙishi, ganye ya ɗan saki, a ba ta ruwa ta miƙe. Haɗarinta ga yaro matsakaici ne, kuma yaɗon da ke reto abin jan hankalin yara ne, don haka a ɗaga ta sama.

Difenbakiya

Wannan ce na fi son a tsaya a kanta, saboda ita ce ta fi ɗaukar ido a bakin titi: manyan ganye masu faɗi da zanen fari da kore, farashi mai sauƙi, ga saurin girma. Asalinta yankunan zafi na nahiyar Amurka. A inuwa tana yi daidai gwargwado, ko da yake ganyen ƙasa kan zube ta koma doguwar sanda da 'yan ganye a ka, kuma bushewar iska na ƙona mata gefe.

Matsalarta ruwan jikinta. Yana ɗauke da ƙananan allurai na sinadarin kalsiyam okzalet waɗanda ido ba ya gani. Potos da ZZ, da aglonima da fis-lili da za mu zo kansu, duk suna da shi, amma nata ya fi tsanani. Yaron da ya tauna kara ko ganye zai ji baki na ƙuna, miyau na zuba, leɓe da harshe su kumbura, wani lokacin magana ta gagara. In haka ta faru a cire abin da ya rage a bakin, a wanke da ruwa, a ba shi ruwan sanyi ko madara ya kurɓa, in kuma kumburi ya yi yawa ko numfashi ya canza a garzaya asibiti nan take. In ruwan ya shiga ido a yi ta wankewa da ruwa mai tsabta kafin a tafi. Gidajenmu gidajen yara ne, ko naka sun girma na 'yan'uwa da maƙwabta na shigowa. Ni dai ba na ba mai ƙananan yara shawarar saye, komai kyanta.

Aglonima

'Yar kudu maso gabashin Asiya ce. Masu ganye kore da ruwan azurfa sun fi jure inuwa, masu ja da ruwan hoda sun fi tsada kuma sun fi son haske. Ba ta son sanyi ƙasa da digiri 15, wanda daren Disamba da Janairu kan kai a nan, kuma ba ta son iskar iyakwandishan na bugunta kai tsaye. Zaɓi ne mai kyau ga wanda ya riga ya iya ban ruwa.

Fis-lili

Ita kaɗai ce a cikinsu ake saye don fure, farin fure mai kama da cokali. Gaskiyar magana, a wuri mai duhu furen da ka saye ta da shi shi ne zai zama na ƙarshe, sai an matsar da ita kusa da taga. Ta fito ne daga dazuzzukan Kolombiya da Benezuwela masu laima, ganyenta siriri ne, ba ta da ma'ajiyar ruwa. A bazarar Sakkwato in aka manta da ita kwana 3 ko 4 za a tarar ta kwanta. Takan tashi in an ba ta ruwa, amma kowace kwanciya tana rage mata ƙarfi. Ruwa mai gishiri na baƙanta mata bakin ganye. Farashinta na sama-sama, kuma ita ce ta fi kowacce yiwuwar mutuwa a shekarar farko.

Furen gizo

Ganye siriri dogo mai farin layi, tana fitar da 'ya'ya a bakin wani dogon zare, a tsinka a dasa. Babban darajarta ita ce ba ta da guba ga yaro ko kyanwa. Sai dai ta fi sauran bukatar haske, tsakiyar falo ba zai yi mata ba sai kusa da taga, kuma ruwan burtsatse kan busar mata da tsinin ganye. Saiwarta na da kauri tana riƙe ruwa, don haka mantuwar mako guda ba ta kashe ta.

Ga su a jere. Na sa sunan kimiyya don a nemo hoton a waya a nuna wa mai sayarwa.

| Shuka | Sunan kimiyya | Jure inuwa | Jure hunturu da bazara | Ban ruwa | Kuɗi | Haɗari ga yaro |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Moda | Dracaena trifasciata | Sosai | Sosai | Mako 2 zuwa 3 | Araha | Kaɗan |
| ZZ | Zamioculcas zamiifolia | Sosai | Sosai | Mako 2 zuwa 3 | Tsada | Matsakaici |
| Potos | Epipremnum aureum | Da kyau | Da dama | Kusan mako-mako | Araha | Matsakaici |
| Difenbakiya | Dieffenbachia | Da dama | Da dama | Kusan mako-mako | Araha | Babba |
| Aglonima | Aglaonema | Da kyau | Da dama | Kusan mako-mako | Matsakaici zuwa tsada | Matsakaici |
| Fis-lili | Spathiphyllum | Da kyau, amma ba fure | Rauni | Kwana 3 zuwa 5 | Matsakaici zuwa tsada | Matsakaici |
| Furen gizo | Chlorophytum comosum | Kaɗan | Da dama | Kusan mako-mako | Araha | Babu guba |

Kwanakin ban ruwan nan jagora ne kawai. Yatsa ya fi kalanda: a tura shi cikin ƙasa tsawon gaɓa 2, in da laima a dakata.

Tukunya, ƙasa da ruwa

Kowacce aka zaɓa, tukunya sai da huda a ƙasa. Ta yumɓu tana numfashi kuma tana saurin bushewa, ta dace da moda da ZZ. Ta roba ko bokitin fenti da aka huda tana riƙe laima, ta fi dacewa da fis-lili da aglonima. Ƙasar da ke cikin baƙar ledar da ake sayar da shukar sau da yawa laka ce mai kamewa, gara a sauya ta: ƙasar lambu, yashi mai ɗan tsakuwa, ɗan tsohon taki da ya ruɓe sarai, da ɓarɓashin gawayi ko ɓuntun shinkafa don iska ta samu hanya. Ɗanyen taki na ƙona saiwa, yana kuma jawo gara. Ruwan sama ya fi kowane ruwa, na biye da shi wanda ke ɗiga daga iyakwandishan. Ruwan alwala da aka tara a roba ma yana yi, matuƙar ba sabulu a ciki. In burtsatse kaɗai ake da shi, sau ɗaya a wata a fitar da tukunyar inuwa a kwara ruwa da yawa ya fita ta ƙasa ya wanke gishirin.

Lokacin saye mafi kyau damina ce, Yuli da Agusta, domin shukar ta kama kafin iska ta bushe. A duba bayan ganye, in an ga farin abu mai kama da auduga ko siririyar yana, ƙwari ne, a bar ta. Kuma kada a fitar da fulawar ɗaki tsakar gida wai ta sha rana, wuni guda ya isa ya ƙone ta. Inuwar baranda ko gindin dogon yaro ta wadatar, in dai akuya ba za ta kai wurin ba.

Wa ya dace da wacce

Wanda bai taɓa ajiye fulawa ba, ko yake da ƙaramin aljihu, ya fara da moda. Ma'aikacin da ke yawan tafiya, ko iyalin da ke kulle gida su tafi ƙauye da salla ko su tafi aikin Hajji, moda ko ZZ: a ba su ruwa ranar tafiya, a bar labule a ɗan buɗe, za a dawo a tarar da su.

Ofis, shago ko ɗakin baƙi inda ake son abu mai kwarjini kuma kuɗi ba matsala ba ne, ZZ. Ɗalibi ko mai ɗaki ɗaya da ba shi da wurin tukunya, potos a kwalba a saman kabad, da sharaɗin sauya ruwa duk mako. Amaryar da ke son launi a falo, tana gida mafi yawan lokaci, aglonima mai kore da azurfa, a nesa da iskar iyakwandishan.

Gidan da ke da mai rarrafe, furen gizo a kusa da taga, ko moda a kan abin da hannu ba ya kaiwa. Difenbakiya ta jira sai inda yara ba sa shiga. Fis-lili kuwa ta mai lokaci ce, wanda ke da tagar gabas, yana da ruwan sama a ajiye, kuma zai duba ta kusan kullum.

Saura ɗakin da ba shi da taga sam, ko lungun da hannu bai yi inuwa a takarda ba. Hanya 3 ce. A sayi moda 2 a riƙa musanya su, ɗaya na ciki mako 2, ɗaya na inuwar baranda. Ko a rataya farin ƙwan LED kusa da saman shukar ya yi awa 10 zuwa 12 a kunne kullum, wanda sai mai sola ne zai iya dogara da shi. In duka biyun ba za su yiwu ba, furen roba mai kyau ya fi dacewa da wurin, a riƙa wanke shi da ruwa duk ƙarshen wata lokacin ƙura.